Mama Dinah a Bencin Baya

Mama Dinah ta rasu bana a wani bene da ke unguwar Cheras a Kuala Lumpur, tana da shekara tamanin da wani abu. Wani abun nan ita ma ba ta san yawansa ba. In aka matsa mata sai ta ce ranar da aka haife ta ba ta cikin hayyacinta.

A wani ƙauye kusa da Zonkwa ta tashi. Mijinta mai bishara ne, bawan Allah da bai iya komai ba sai addu'a da lashe kwanon tuwo. Ya mutu ya bar mata 'ya'ya shida, ta raine su da kaskon ƙosai da bulala, duk suka yi boko. Tun tana amarya take cikin Zumuntar Mata ta coci, ita ce mai buga tulu. Muryarta kuwa ta tsohon injin niƙa ce, amma ba a haifi mai faɗa mata ba.

Wankan jegon matar ɗanta Tomas ne ya kawo ta Kuala Lumpur, wai wata uku. Jaririn har ya shiga sakandare tana cewa gobe za ta koma. Da Hausa take cinikin yadi a kantunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, kuma sai an rage mata, don mai kanti ya samu lafiyar kunnensa.

Cocin 'yan gida yana saman wani shagon tayoyi a unguwar Danau Kota. Kujerar Mama tana gaba, dab da bagadi. Can baya kusa da ƙofa, inda ake jingine tsintsiya, akwai benci guda na masu horo, wato waɗanda dattawan ikilisiya suka hukunta.

A kansa aka zaunar da Kindness, ɗaliba 'yar Pankshin, da cikinta ya fito. Saurayin da ya yi aikin tuni ya hau jirgi. Dattawa suka yanke hukunci, har da Tomas a cikinsu: ba waƙa, ba Jibin Ubangiji, kuma in ta haihu ba za a miƙa jaririn a gaban jama'a ba. Yarinyar ta gaya wa Mama cewa Lahadi ɗaya za ta ƙara zuwa, daga nan ita da coci har abada.

Ranar Lahadin Mama ta hau matakala tana nishi, ta dogara sandarta, ta zube kusa da Kindness. Tomas ya lallaɓo yana raɗa.

"Mama, ga kujerarki can gaba."

"Na san ta, ni na ɗumama ta shekara da shekaru."

"Nan fa wurin masu horo ne."

"To ina ɗayan? Ko ita kaɗai ta yi wa kanta cikin? Wannan mu'ujiza sau ɗaya aka yi ta, Tomas, a Nazarat."

"Don Allah, Mama, ana kallonmu fa."

"Su kalla. Tafi ka zauna, Dattijo, tun ban tuna wa jama'a shekarun da ka daina fitsarin kwance ba."

Da aka zo raba Jibin Ubangiji, mai tire ya tsallake Kindness ya miƙa wa Mama. Matar da ko ranar da ta binne mijinta ba ta fasa karɓa ba, sai ta naɗe hannuwanta cikin zane. "Abin da aka hana ta, ni ma na ƙoshi." Kada ku ɗauka abin bai ci mata rai ba. Jikanta ya ce ranar ko abinci ba ta taɓa ba, sai Littafi a cinya tana share ido. Amma Kindness ta dawo Lahadi ta gaba, don kunyar barin tsohuwa ita kaɗai.

Fasto ya biyo Mama gida da ayoyinsa. Ta cika masa ciki da tuwon shinkafa da miyar taushe, sannan ta ce, "Ɗana, yarinyar ta yi laifi, ta yi kuka, ta tuba, ni shaida ce. In Yesu ya shigo cocin nan, ta ƙofa zai shigo, bencin nan zai fara tararwa. Kai dai ka ci gaba da jiransa a gaba."

Sannu a hankali matan Zumunta suka fara janyo kujerunsu baya, wannan ta ce fanka take bi, waccan ta ce ƙafa ke mata ciwo. Har aka wayi gari Fasto yana wa'azi ga maza da kujerun roba. Da Kindness ta haihu, Mama ce ta yi mata wankan jego da ruwan da ya sa ta kiran sunan kakanninta.

Dattawa suka yi taro, suka ce bayan dogon nazari sun ɗage horon. Nazari! Matansu ne suka daina yi musu magana a gida.

Ranar miƙa jaririn aka kira uwa ta fito gaba, ta yi zamanta, kai a sunkuye. Mama ta zungure ta da sanda. "Tashi, ɗaga kanki, ba akuya kika sata ba." Ta je, aka yi wa ɗanta addu'a, ita da Mama suka karɓi Jibi.

Fasto ya ce, "Mama, yanzu sai ki dawo kujerarki."

"Bar ni a nan, ɗana. Ban yarda da ku ba tukuna."

Ba ta koma gaba ba, kuma muddin tana da rai ba su sake zaunar da kowa a wurin ba.