Zomanyar Sista Dije

Gwaggona Hajiya Dije, wadda kowa ke kira Sista, ta yi shekara talatin da biyu tana karɓar haihuwa a asibiti kafin ta yi ritaya. In ka biye mata, rabin mutanen Tudun Wada a hannunta suka faɗo duniya. Ba ta shiri da ƙazanta ko kaɗan, baƙo ma in ya tashi daga kujera sai ta bi wurin da tsumma. Da mijinta ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, gidan nan na Nassarawa ya yi mata girma, sai 'yarta Najla ta kawo mata 'yar zomanya don ta ɗebe mata kewa. Ta sa mata suna Fara.

Ashe da ciki aka sayo Fara. Da haihuwa ta matso, ta shiga tsige gashin ƙirjinta tana tarawa a lungun keji. Gwaggo ta ce wannan ba ɗakin haihuwa ba ne, juji ne. Ta share tas, ta wanke da ruwan magani, ta shimfiɗa farin tawul. Fara ta sake tarawa, ita ma ta sake sharewa. 'Ya'ya biyar suka zo jikinsu ba gashi, ga sanyin damina. Cikin kwana biyu duk suka mutu a kan tawul mai tsabta.

Malam Auwalu, mai kula da shukokin gidan, dattijo ne daga unguwar Gama da ya daɗe yana kiwon zomaye. Shi ya gaya mata, kansa a ƙasa, cewa gashin nan shi ne bargonsu. Wallahi na ji tausayinta ranar. Ko abinci bai shiga cikinta ba. Daga nan ta ƙudura sai Fara ta sake haihuwa, 'ya'yan kuma sun rayu.

Malam Auwalu ya ce bayan mako biyu ana iya kai ta wurin namiji. Gwaggo ta ce ba mai jegon da za ta koma ɗakin miji a gabanta ba ta yi arba'in ba. Aka dama wa Fara kunun kanwa, ta shinshina ta juya baya. Wankan jego kuwa da ƙyar Malam Auwalu ya roƙa aka yafe mata.

Neman ango ma sai da aka sha fama. Zomo uku Gwaggo ta ƙi, ɗaya wai idonsa na ruwa, biyu wai ba su da natsuwa. A ƙarshe ta amince da na wani tsohon malamin makaranta, bayan ta binciki asalinsa har kakanni. Ranar da aka haɗa su, tun Gwaggo ba ta gama gyara zama ba ango ya gama, ya yi 'yar ƙara ya faɗi a gefe. Gwaggo ta zabura za ta duba bugun zuciyarsa. Malam Auwalu ya rufe fuska da hula, ya ce ai haka suke yi in abu ya yiwu.

Bayan mako huɗu na je gaishe ta, na tarar da ita tsaye gaban keji da tsintsiya. Fara ta fara tara gashi, ga kuma kwaɗo an datse ƙofar.

"Hajiya, ki yi haƙuri, mabuɗin yana aljihuna," in ji Malam Auwalu. "In korata za ki yi, ki bari sai ta haihu."

Na ce yau ake yin ta, don ko likitoci ba su taɓa gaya mata haka ba. Ta dube shi, ta dubi tarin gashin. Sai ta jingine tsintsiyar, ta jawo kujera nesa da kejin ta zauna. Kullum nan take wuni, hannu cikin mayafi, tana mitar ƙazanta, tana cewa ita da ta saba korar dangi daga ɗakin haihuwa, yau ita aka kora.

Bakwai Fara ta haifa. Da suka kwana goma suka buɗe ido, duk suna motsi cikin jujin nan, Malam Auwalu ya miƙa wa Gwaggo mabuɗin da hannu biyu. Ta leƙa kejin, ta ƙirga su sau biyu, idonta ya cika da ƙwalla. Sannan ta mai da hannunta cikin mayafi.

"Riƙe abinka, Malam," ta ce. "Na san hannuna."