Wa Zai Murɗa Makulli?

A bakin tashar Kawo, Isiyaku yana kallon wani dattijo da bai sani ba. Siriri ne mai farin gemu, rabin jikinsa cikin injin tsohuwar a-kori-kura. Kwandunan tumatir ne a bayanta, rana tana ta dukansu. In motar ba ta tashi ba, sun lalace.

Dattijon yana kankare kan batir da wuƙa. Ya zuƙo fetur ta tiyo, ya fesa a kafireta, ya toshe bakinta da tafin hannu. Aikin mutum biyu ne. Isiyaku ya sani, don shi yake murɗa wa amininsa Sanda makulli kafin Allah ya karɓi abinsa.

"Ila, ba ta wuta!" in ji dattijon, ko ɗagowa bai yi ba.

Babu kowa a kujerar direba. Dattijon ya ɗago, ya goge baki. Ƙaninsa ne Ilan, ko aboki? Da alama bai daɗe da rasuwa ba.

Isiyaku ya buɗe ƙofar. "Baba, toshe, ni zan murɗa."

"To, a hankali, ɗana. Hannun Ila kaɗai ta sani."