Bindigar Farko ta Jikana

A shekarar da takardar kuɗi ta yi wuya, har mata suka riƙa musayar gero da manja a ƙofar gida, a daminar da ta biyo baya aka yi wannan abu. Ba zan ɓata lissafi ba, domin daminar ce katangar bayan gidanmu na Tudun Wada ta zube, kuma ita ce ta tara da rasuwar maigidana.

Maigidana maharbi ne. Shekara arba'in da ɗoriya na zauna da shi, kuma babu bindigar da ta shigo gidan nan da ban goge ta da tsumma da man keke ba. Ni ke ɗinka masa jakar harsashi, ni ke gasa masa kafaɗa da ruwan zafi in ya dawo daga daji. Ko sunana ban iya rubutawa ba, amma in aka yi harbi a bayan gari, daga bakin murhu zan gaya maka ta toka ce ko ta harsashi. Da ya rasu, abokan farautarsa suka karɓi bindigoginsa, don a lokacin babu mai so a gidan. Ɗana na fari ma'aikacin ofis ne, bai taɓa harbin ko kurciya ba.

Sai ga ɗansa, jikana, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya kama noman masara a Dutsen Abba. Masara na fara goyo, birai suka sauko mata. Ya yi ihu, ya buga gwangwani, ya kafa mutum-mutumi, birai suka zauna a kan mutum-mutumin suna ɓare masara. Ya yanke shawarar neman lasisi ya shiga cikin maharba. Sarkin baka, wato shugabansu, ya ce masa ya sayo bindiga ya yi harbi a gabansu. In hannunsa ya tsaya, su karɓe shi. In bai tsaya ba, ba za su bar shi ya riƙa yawo da ita cikin gonakin mutane ba.

Na san abin da ya kamata ya saya. Sabon hannu da mai baki ɗaya yake farawa, siririya, wadda da ƙyar ƙaramin yatsa ke shiga bakinta. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada, harsashinta kuma da arha, mutum ya yi ta gwaji har hannunsa ya faɗa. Maigidana ya sha faɗa wa matasan da ya koya wa cewa babbar bindiga in ta naushi sabon shiga ranar farko, kafaɗar za ta warke cikin mako guda, amma tsoron yana komawa ido. Daga ranar, kafin ya ja kunama sai ya runtse. Na ga ƙarti masu gemu da suka mutu da wannan ciwo.

To, wa zan gaya wa? Uban yaron ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa dubansa ido cikin ido na yi masa magana ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ina alfahari da hakan. Ranar da ya shigo gaisuwa, yana tsugune a bakin ƙofa, sai na juya wajen akuyata da ke turke na ce mata masu sayen bindigar farko ƙarama suke saya, kuma a gidan nan akwai wadda ta san haka. Ya ji, na san ya ji. Yana fita na jiyo shi yana gaya wa matarsa wai Inna ta fara hira da dabbobi, a riƙa lura da ita.

Na koma kan jikan. Shi kuma tsakanina da shi wasa ne tun yana cikin zanen goyo. Mijina nake ce masa, yana ce mini tsohuwar amaryarsa. Na zaunar da shi na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da nuna masa yatsa. Yana ta dariya. Ya ce, "Tsohuwa, so kike in fita da abin harbin ƙadangare abokaina su yi mini ele? Ke dai ki wanke tukunya, nama na tafe." Ya ciro waya ya nuna mini wani ƙato a wata ƙasa yana harbi da bindiga kamar taɓarya. Na ce masa wannan ƙaton kafaɗarsa ta kai ƙofar zaurenmu faɗi, shi kuwa iska mai ƙarfi sai ta kai shi unguwar Kwangila. Ya ƙara fashewa da dariya, a zatonsa wasan ne ya yi daɗi.

Kwangilar kuwa suka nufa, shi da ubansa, wajen wani mutum da ke son rabuwa da tsohuwar bindigarsa mai baki biyu. An shafa wa gindinta mai tana ƙyalli. Mutumin ya ce musu jikan babban maharbi bai kamata a gan shi da 'yar ƙarama ba. Da sunan mijina aka yi musu daɗin baki, mijin da ya fara harbi da wata 'yar tsigigiya da aka ɗaure gindinta da waya. Kuɗin gaba ɗaya suka tafi a kanta, abin da ya rage harsashi biyar ya saya. Aka kawo mini ita in sa albarka. Na zura babban yatsana ya shige bakin har yana lilo. Na ɗaga ta, ta fi taɓaryata nauyi. Na ce Allah ya tsare, na mayar musu. Matar ɗana tana guɗa.

Ranar gwaji ban je ba. Wani tsohon abokin maigidana, maharbi ne mai ɗan ɗingishi, shi ya zo da azahar ya ba ni labari. Harbin farko bindigar ta naushi jikan ya zauna daɓas a tsakiyar gona. Na biyu, tun kafin ya ja kunama idonsa ya rufe, bakin bindigar ya sunkuya, ya kwashe masararsa da kansa, wadda birai suka rage masa. Sarkin baka ya ce a ajiye maganar tukuna.

Da la'asar jikan ya shigo, kafaɗa ta kumbura ta yi shuɗi. Na ɗora ruwa na gasa masa, kamar yadda na yi wa kakansa. Bai ce tsohuwa ba, ban ce mijina ba. Da aka buga ƙofar langa-langa a maƙwabta, na ga idonsa ya ƙifta sau biyu. Wannan ne ya tashe ni tsaye.

Na yafa mayafi na nufi sashen ɗana. Yana zaune a kujera yana jin rediyo. Na tsaya a gabansa, na dube shi, abin da ban yi ba shekara hamsin da wani abu. Na ce, "Kai. Da kai nake, ba da akuya ba. Gobe ka mayar da wannan bindiga, ka sayo wa yaron nan ƙarama mai baki ɗaya, sauran kuɗin a zuba a harsashi. Kun lalata masa ido da son a gani."

Ya zame daga kujera ya tsuguna. Rediyon na ta magana ita kaɗai. Ya ce, "To, Inna." Na juya na fita, cike da takaicin an kai ni ga abin da uwata ba ta taɓa yi ba.

Mai bindigar ya karɓi abarsa, amma sai da ya zabtare wani abu. Aka sayo ƙaramar. Kullum da hantsi nake hawa keke mai ƙafa uku zuwa Dutsen Abba, ni da tsohon maharbin, in shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa. Dabarar maigidana muka bi. Tsohon zai juya baya ya shirya bindigar, wani lokaci da harsashi, wani lokaci wayam, ya miƙa wa jikan ba tare da ya sani ba. Ni kuma aikina kallon idonsa. Ranar farko ya ja kunama, bindigar ta ce ƙas, babu komai a ciki, amma ga shi ido a rufe, baki a yamutse, bakin bindiga na kallon ƙasa. Ya buɗe ido ya gan ni ina kallonsa. Ya so ya mayar da abin wasa, ya ce amaryarsa ta ga asirinsa. Na ce masa babu amarya a nan, ya sake ɗauka.

Kwana goma sha wani abu muka yi haka, ban yi masa wasa ko sau ɗaya ba. Daga baya ya ce wannan ya fi naushin bindigar zafi. Wata safiya ya ja, ta ce ƙas, ido a buɗe. Ya sake ja da harsashi a ciki, gwangwanin da aka kafa a kan kututture ya yi sama, ido a buɗe. Na tashi na naɗe tabarmata.

Maharba sun karɓe shi kafin a yanke masara, amma rabin gonar ya riga ya tafi cikin birai. Har yau in ya gaji, idonsa na hagu yakan ɗan motsa kafin ya harba. Babu mai lura sai ni, kuma duk sanda na gani sai raina ya ɓaci sabo fil. Da an saurari abin da na gaya wa akuya, da ba a yi wannan ba.

Tsohon maharbin mai ɗingishi ya rasu a azumin da ya wuce. Sarkin bakan ma ya bi shi, mai bindigar Kwangila an ce ya bar garin. Akuyar an yanka ta a sunan tattaɓa-kunnena. Saura ni, da jikan da ƙaramar bindigarsa, da ɗana na fari, wanda tun daga ranar ban sake dubansa na yi masa magana ba. Amma yanzu in na juya wajen turke na fara magana, sai ya kashe rediyo.