Tambayar Sulemanu a Asibitin Zariya

Sulemanu na Mahuta ya shekara goma sha bakwai a gonar irin auduga, amma ko sau ɗaya bai taɓa tumɓuke tsiro da hannunsa ba. Aikinsa bin kunya-kunya da jajayen ƙyallaye cike da aljihu. Duk audugar da ya ga ta kamu da cuta sai ya ɗaura mata ɗaya, leburori na biye, su cire su ƙona. Samarin gari suka sa masa Alƙali, don shi hukunci kawai yake yankewa, wasu ke zufa.

A daminar 1987 cikin matarsa Rahab ya kumbura ta hagu, ta rame kamar sillen kara. Daga asibitin Malumfashi aka tura su na Zariya. Likitan da ya duba ta yaro ne, gemunsa bai kai a ƙirga ba. Ya ce sankarar jini ce.

"Baba, akwai wani ɗan mitsitsin abu a jikin Mama mai ba ƙwayoyin jini umarnin hayayyafa. Nata ya ƙi yin shiru. Masu bincike na neman maganin da zai toshe masa baki."

"Toshe baki? Likita, ka taɓa riƙe fartanya kuwa? Mugun tsiro cire shi ake yi. Shi jiki ba shi da leburori?"

Likita ya ajiye biro. "Yana da su. Ba a daɗe da ganowa ba, jiki kan yi wa abin da ya lalace alama, masu shara su kwashe."

"To ku sa wa wannan abin nata alama mana!"

"Ba a san yadda za a yi masa ba tukuna."

"Sai yaushe?"

"Maigida," in ji Rahab, "ka ƙyale ɗan mutane ya rubuta magani, kada motar Funtuwa ta tafi ta bar mu."

Ƙwayoyin da aka ba ta sun sacce cikin. Ta ƙara damina biyu, ta noma gyaɗarta, ta aurar da Dinatu autarsu, har ta yi rawa. Duk wata uku su je Zariya, kuma kafin gaisuwa Sulemanu zai ce, "An samo?" Likita ya girgiza kai.

Da cikin ya sake tasowa, Sulemanu ya fito da jakar tafiya. Rahab ta ce ya mayar, ta gaji da kwalta, a bar ta kusa da majami'arta. Ya yi musu kwana biyu, sannan ya mayar. Ta rasu ana tsakar cirar gyaɗa.