Shinkafar da kawuna ya yanke mini a Tanda

Shekarun baya can, ina shekarar ƙarshe a jami'a, malamina ya danƙa mini wata 'yar kwalba mai farin gishiri. Takin zamani ne, sai dai sinadarin azot ɗin da ke cikinsa ya ɗan fi na kullum nauyi, don haka na'urar ɗakin gwaje-gwaje tana gane shi duk inda ya shiga. A zuba wa shinkafa, in ta nuna a auna, a san nawa ta sha, nawa ruwa ya kwashe. Wata tara muka yi muna jiransa daga ƙasar waje. Malamin ya ce, "Babu wani bayan wannan. In ya salwanta, memuwar ɗinki ta kammala karatu ta salwanta."

Kawuna ya ba ni gefen fadamarsa a Tanda. Na yanka ƙananan fegi goma sha biyu, na kafa turaku, kowanne da lambarsa da adadin gishirinsa. Ya tambaye ni, "'Yata, wannan wane irin noma ne?" Ni kuwa lokacin kaina ya cika da boko, sai na ce, "Kawu, aikin makaranta ne, ba za ka gane ba." Iyakar bayanin da na yi masa ke nan.

Shinkafa na dab da nuna aka kwantar da mahaifiyata a asibitin Gaya. Kwana goma ina jinyarta. Ranar da na koma, tun daga kan hanya na ga fadama fayau. An tara turakuna a gindin bishiya, an ɗaure su tsaf da igiya.

Kawu ya tarye ni yana fara'a. Wai tsuntsaye sun sauka, ga kogi yana tasowa, shi ne ya kira gayya. Maƙwabta suka bar tasu suka yanke tawa, aka haɗa da tasa aka buge a wuri ɗaya. "Ko ƙwaya ba ki rasa ba," in ji shi. "Wallahi taki ta fi ta kowa cika."

Na dubi buhunan. Fegi goma sha biyu sun zama tsibi ɗaya, babu na'urar da za ta raba su. Ga mutane tsaye, gumi bai bushe musu ba. Na durƙusa na ce, "Allah ya saka da alheri, Kawu."

Gishirin bai sake zuwa ba. 'Yan ajinmu suka gama, ni na dawo gida, yanzu takardun manyan motoci nake cikewa a bakin gadar kan iyaka. Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi, ban samu kowa ba sai ni. Bayanin minti biyar na ƙi yi wa dattijo saboda girman kai, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Kawu ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin yadda ya ceto mini karatuna, sannan ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, 'yata?" Ni kuma in ce haka ne.