Fasfon Ganyen Lemo

Mai Hoto ya tsufa ne a wani ɗan shago mai labule shuɗi da kujera ɗaya, yana ce wa mutane su ɗaga haɓa kaɗan. Da waya ta shiga hannun kowa, sai shagon ya mutu a tsaye. Ya kulle, ya dawo gida da almakashinsa da girman kansa, don shi har gobe bai yarda akwai mai ido irin nasa ba.

A tsakar gidan akwai bishiyar lemon tsami da marigayiya matarsa ta dasa da hannunta. Tun rasuwarta shi ke ba ta ruwa. Kwatsam ganyen ya soma yin rawaya yana danƙo, kullum ya share tsakar gida sai ya tara tuli. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don ita kaɗai ce abin matar da ya rage da rai a gidan.

Autarsa ce ta shigar da shi wani dandalin masu lambu a intanet, ta ce ya saka hoto ya yi tambaya. Hoto kuwa, ai an zo gidansa. Ya jira hasken yamma, ya ja da baya, ya ɗauko bishiyar da katanga da sararin sama, ya tura shi da cikakken nauyinsa. Auta ta ce ya rage nauyin hoton, ya ce ta rufa masa baki, kafin a haife ta yake wannan sana'a.

Shiru kake ji. Ganye na zuba, shi kuma yana ta faɗa cewa 'yan dandalin nan ba su da mutunci.

Can wata da ake kira Uwar Yabanya, mai rainon dashe a bayan gari, ta rubuto masa. Ta ce: "Baba, ka yi haƙuri, sabis ɗinmu ba ƙarfi. Hotonka daga sama yake buɗewa, tun jiya gajimare nake kallo, ban iso bishiyar ba."

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa kunya ta rufe shi, ya matse hoton ya zama ɗan mitsitsi ya sake turawa. Wannan karon ya buɗe nan take, amma bishiyar ta koma kamar tabon miya a riga, ba mai gane komai.

Matar ba ta gaji ba. Ta tambaye shi sana'arsa, ya faɗa mata. Sai ta ce to ya yi wa ganye ɗaya hoton fasfo, ya juya bayan ganyen, ya matso kusa, ya yanke duk abin da ba ganye ba, sannan ya rage nauyin daidai yadda zai buɗe ba tare da ya dushe ba.

Nan hannu ya tuna aikinsa. Ya ɗora ganyen a kan farar takarda, ya datse gefe da gefe. Ga wasu ƙananan ƙuraje masu ruwan ƙasa jere a jijiyar ganyen, waɗanda da idonsa bai taɓa lura da su ba. Ya tura mata hoton, ba a jima ba sai ta amsa cewa ƙwari ne masu shan ruwan itace, ta gaya masa yadda zai haɗa ruwan sabulu da ɗan mai ya riƙa gogewa, ya kuma sare rassan da suka lalace.

Haka ya bi ganyen ɗaya bayan ɗaya da tsumma, bayansa na ciwo. Bai san fuskar matar ba, amma ba ya sallame salla bai sa ta a addu'a ba. A dandalin kuma, duk wanda ya saka hoto mai nauyi, shi ke gyara masa, da ɗan guntun faɗansa.

Wata safiya ya fito da bokiti, sai ga tofo kore shar a kan reshen da ya sare. Ya ajiye bokitin a hankali, ya leƙa ɗakin Auta.

"Taso ki gani," ya ce. "Innarku ta farfaɗo."