Karsanar da na ɗaure a ƙofar abokina

Ni mutum ne mai riƙo, ban taɓa ɓoye wannan ba. Uwata Bafulatana ce daga wajen Azagor. A wurinta na gaji shanu, a wurinta kuma na gaji habbanaye: ka ba wanda kake ƙauna karsana ya kiwata, in ta haihu sau uku 'ya'yan nashi ne, uwar ta komo gida. Ba a dukanta, ba a yankanta, balle a saida ta.

Abokina manomi ne a hanyar Ajekoriya, aji ɗaya muka yi a lakwal, makarantar boko. Da ya yi aure ko akuya ba shi da ita, sai na zaɓi wata jar karsana mai farin goshi, jikar saniyar uwata, na kai mashi da ƙafata.

Wata bakwai bayan haka, ranar kasuwar Dakoro, ina ratsa kara, inda ake saida dabbobi, sai na gan ta a hannun dillali, an shafa mata fenti a gadon baya, ana jiran kamiyo, babbar motar kai dabbobi Maraɗi. Na san ta kamar yunwar cikina. Dillalin ya ce mai ita ya saida ta da safe, wai rumbunshi ya ƙare, hatsi ya saya. Hatsi fa. Ni da rumbu biyu cike, bakinshi ya kasa buɗewa ya tambaye ni, amma hannunshi bai kasa kwance igiya ba. Nan take na ba dillalin bajimina, na amso ta.

Matata ta ce in bari sai na huce. Na ce ai hucewar ce ba ni so. Na jira Juma'a, bayan an sauko masallaci, lokacin da dattawa ke zama a ƙofar gidan abokin nawa, har da surukinshi. Na yi sallama, na kafa turke gaban tabarmarsu, na ɗaure ta.

Na ce, "Aboki, karsanarka ta ɓata, na tsinto maka ita a kara. Ka riƙa ƙara ƙulli."

Babu wanda bai gane ba. Surukin ya kau da kai, shi kuwa ya tsura wa ƙasa ido. Wallahi na ji daɗi. Na koma gida na sha fura ƙwarya guda, na yi barcin la'asar.

Shekara shida ba mu gaisa sai a wurin jana'iza. Labarinshi na zuwa mani dai. A shekarar da ciyawa ta yi wuya, an ce ya yaye jinkar ɗakinshi ya ba saniyar ta ci, damina ta same shi ɗaki a buɗe. Da aka faɗa mani sai na ce kaɗan ma ya gani.

Wata rana da hantsi ina gyaran danga sai ga shi, ya rame, gemu ya yi furfura. Yana jan saniyar, bayanta bijimi ƙarami da karsana da ɗan maraƙi.

Na ce, "Uwar kaɗai ce tawa. Koma da sauran."

Ya ce, "Malam, 'ya'yan habbanaye na aboki ne. Ni ka ɗaure mani ita don in riƙa ganin kunyata kowace safiya. Na gani, ya isa. Ko nononta ba mu taɓa sha ba a gidana."

Wai "Malam" ya kira ni, mutumin da muka ci bulala tare a lakwal. Ya miƙo igiyoyin, na ƙi amsa, ya aje su ƙasa ya tafi.

Kwana uku ina masifa a gida, ina cewa ya raina ni, har matata ta tambaye ni wa ya fara kafa turke. Rana ta huɗu na kora 'ya'yan uku zuwa gidanshi. Wannan karon ta bayan gida na bi, lokacin da babu kowa a ƙofa. Na ce mashi na ci mutuncinshi gaban surukinshi, ya yafe mani. Maganar ta fito da ƙyar, kamar ana zare ƙaya. Ya ce shi ya fara, ya kawo mani ruwa na sha.

Amma maraƙin kaɗai ya amsa. Yanzu muna gaisawa, ya zo sunan jikata, na je gayyar gonarshi. Sauran biyun suna garkena har yau, na kasa saida su, kuma duk watan da na aika mashi da su sai ya maido.